Ƙafar da Ta Daina Ciwo

Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin takalmi ba wani aiki ba ne, wai a yanka taya, a huda, a zura maɗauri, shi ke nan. Ban tanka ba, don akwai mai gyara zaune a gabana. Yau babu kowa, saboda haka ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ni ma da bakina na taɓa faɗin irin wannan shirmen, kuma ba a kaina abin ya ƙare ba, a kan wani dattijo ya ƙare.

A Bawku na koyi dukanci, a rumfar Maigida Tanko da ke bayan kara, kasuwar shanu. Shekarata ta farko ban taɓa wuƙa ba, ban taɓa basilla ba. Aikina guda ne: in ɗebo ruwa in yayyafa wa ƙasar gaban rumfa, in share ta har ta yi sumul. Duk wanda ya zo yin takalmi, sai Maigida ya sa shi ya tuɓe na ƙafarsa, ya taka ƙasar nan mai danshi taku shida ko bakwai, ya juyo. Daga nan Maigida zai tsuguna ya ƙura wa sawun ido, mu kuma muna tsaye muna ganin wauta. Wata rana na ce masa, Maigida, ai da an auna da kara an huta. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kara tsawo yake gaya maka. Ni tafiya nake aunawa, don mutum ba a zaune yake sa takalmi ba."

Shi ya nuna mini yadda ƙafa ke aiki. Diddige ne ke fara sauka, ta gefen waje. Nauyin mutum ya bi gefen tafin ƙafa, ya ratso ya dawo gindin babban yatsa, a nan ƙafa ke lanƙwasa ta tura mutum gaba. Tsakanin diddige da yatsu akwai kwari, wurin da ba ya taɓa ƙasa, kuma a cikin kwarin nan akwai jijiya mai faɗi a miƙe kamar tsarkiyar baka. Wanda kwarinsa ya rushe, sawunsa a cike yake fitowa, takalminsa ta ciki yake cinyewa, kuma kafin ya buɗe baki ka san gwiwarsa ma tana damunsa. Wanda kwarinsa ya yi zurfi da yawa, diddige da gaba kawai za ka gani a ƙasa, kanta ta cika masa gindin yatsu. Duk wannan yana rubuce a sawu, kuma yana rubuce a tsohon takalmi in ka kifa shi.

Akwai wata mai sayar da albasa, Mma Adisa, da ta zo mana tana ɗingishi. Ta ce takun farko da safe kamar an soka mata allura a diddige, in ta ɗan zagaya sai ya lafa. Da ta tuɓe silifas ɗinta na roba, irin wanda muke ce wa calewate, sai na ga aikin wanzami a ƙafar. An yi mata ƙaho, an tsattsaga diddigen an shafa baƙin magani, har an ɗora mata ƙarfe mai zafi. Maigida ya sa ta taka ƙasa, ya duba, ya yi mata takalmi mai ɗan tudu a diddige, ya cusa soso a tsakanin fata biyu, ya cika mata kwarin da fata mai laushi. Ya ce kafin ta sauko daga gado ta riƙa jan yatsunta sama da hannu, ta kuma rage buhun da take ɗauka a ka. Bayan wata biyu ta wuce ta gaban rumfa da sauri har ba ta tsaya gaisuwa ba, Maigida ya ce wannan ita ce godiyar.

Doka biyu ya kafa mini kafin ya sallame ni. Ta farko, kada in yi wa kowa takalmi ban ga tafin ƙafarsa da idona ba. Ta biyu, inda ƙafa ke lanƙwasa ba a buga ƙusa. Ya ɗauki wani tsohon takalmi ya lanƙwasa shi a gabana sau da yawa, na ga bakin ƙusar da aka kwantar yana miƙewa kaɗan-kaɗan har ya tsaya cak. Ya ce, "Ka gani? Kai ka kwantar da ita sau ɗaya, tafiya kuma tana tayar da ita sau dubu." Na ce na ji. Ashe kunne ne kawai ya ji.

Da na bar Bawku, a Yendi na kafa rumfata, kusa da tashar mota. Nan hanyar shanu take bi, daga arewa a gangara Bimbilla, a shiga Salaga, a kai bakin ruwa a Makango inda jirgin fito ke tsallakar da su. Masu koran shanun nan a ƙasa suke yin tafiyar duka, kuma babu mai cin takalmi kamarsu. Cikinsu akwai Baba Yakubu, abokin mahaifina ne tun suna samari, shi ya ma riƙe ragon sunana. Dogo ne, mai yawan shan ruwa, ba ya rabuwa da gora a kafaɗa. Duk sanda garkensa ya sauka a Yendi, wajena yake zuwa.

To ga inda na karya dokar farko. Ku kun san a wajenmu yaro ba ya cewa dattijo miƙo tafin ƙafarka in gani, balle wanda yake a matsayin ubansa. Shi ma ba zai miƙa maka ƙafa a fuska ba, a ganinsa ya wulaƙanta ka. In ya zo, sai ya zauna a benci ya naɗe ƙafafunsa cikin riga, ya turo mini tsohon takalmin da sanda. Ni kuma in ɗora shi a kan taya in zagaye da alli. Ban taɓa sa shi ya taka ƙasa mai danshi ba. Shekara da shekaru ina yi masa takalmi, ban san kamannin tafin ƙafarsa ba.

Kukansa kullum ɗaya ne. "Sule, ƙafafun nan kamar ina taka garwashi. Wani lokacin kuma kamar tururuwa na yawo a ciki." Na ce, Baba, tafiya ce ta yi yawa. Na yi masa irin na Mma Adisa, da soso da fata mai laushi. Zuwa na gaba ya ce da sauƙi. Zuwa na bayansa ya shigo yana fara'a, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ciwo ya tafi gaba ɗaya. Ko ƙaya na taka ba na ji."

Kun ji wannan maganar ta ƙarshe? Da Maigida Tanko ne, nan take zai ajiye basilla. Ni kuwa kaina ne ya kumbura. Na riƙa gaya wa duk wanda ya zauna a bencina cewa na warkar da mai koran shanu da takalmi. Shi ma Baba Yakubu ya yi ta yaɗa ni a zango, abokan tafiyarsa suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu irin nasa. Wallahi har na fara ganin na wuce Maigida.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda ruwa ya ƙi sauka, wuta ta bi daji ta cinye gonaki, kantuna suka zama wayam. Ku ba ku gan ta ba, kuma kada Allah ya nuna muku. Motoci suka yi layi a tasha an ɗora su a kan duwatsu saboda babu taya. Direban da a da yake jefo mana tsohuwar taya kyauta, ya koma ɗinke ta da waya yana mayar wa motarsa. Gam ya ɓace. Zaren ɗinki mai ƙarfi ya ɓace, muka koma warware buhu, zaren da in ya sha raɓa kwana uku sai ya ruɓe. Abin da ya rage mana shi ne ƙusa, ita ma daga tsofaffin akwatunan sabulu muke ciro ta, mu miƙe ta da guduma, duk ta yi tsatsa.

A tsakiyar wannan hali Baba Yakubu ya sauka da garke, takalminsa ya rabu biyu, kuma da asuba za su tashi. Ina da guntun taya guda da na ɓoye. Na yanka, na shimfiɗa fata a sama, babu gam, babu zare, sai na bi gefe da ƙusa ina bugowa daga ƙasa ina kwantar da bakinta a kan ƙarfe. Da na gama na dama, na ga fatar ta ɗan kumbura a gindin babban yatsa. Na san dokar, ina jin muryar Maigida a kunnena. Amma na ce guda ɗaya ce, zan kwantar da ita da kyau. Na buga, na shafa da yatsa na ji sumul, na miƙa masa. Ya zura ƙafa ya ce daidai.

Bayan nan da kamar wata guda na rufe rumfar Yendi, don aikin ya mutu, na koma gida Salaga inda aƙalla akwai rogo a gonar mahaifiyata. Na kafa teburi a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin kasuwa. Ana nan ana nan, wata ranar kasuwa bayan azahar, sai ga Baba Yakubu. Ya je Makango ya dawo, ya koma arewa, ya sake gangarowa da wani garken, duk da takalmin nan. Na ga ya rame, na ce yunwar shekarar ce. Na ji wani wari tare da shi, na ce na shanu ne. Ya zauna, ya naɗe ƙafafu kamar kullum, ya turo mini na dama da sanda ya ce maɗaurin ya saki.

Na ɗauka na zura hannu ciki don in riƙe, sai wani abu ya yage mini yatsa. Na zaro hannu jini na zuba. Na karkata takalmin wajen haske, na ga ƙusata a tsaye cak, tsawonta ya kai gaɓar yatsa. Fatar da ke kewaye da ita ta yi baƙi ƙirin, ta jiƙe, tana danƙo. Ni taɓawa ɗaya na yi na kusa jefar da takalmin, shi kuwa mutumin nan a kanta ya yi ta tafiya daga gari zuwa gari.

Na ce, "Baba, ba ka jin komai a ƙafar nan?"

Ya ce, "Me zan ji? Ai ka warkar da ni."

Na ce, "Baba, don Allah ka nuna mini tafin ƙafarka."

Ya ɓata rai. "Sule, yau kuma? Ni zan miƙa maka ƙafa a tsakiyar kasuwa?"

Ban sake roƙo ba. Na durƙusa na kama idon sawunsa na jawo, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ƙafar ta kumbura, da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Da na juya ta, innalillahi. A gindin babban yatsa akwai rami da babban yatsana zai shige, gefensa fari, cikinsa baƙi, an cusa man kaɗe da toka. Yatsu biyu sun canza launi. Mugunya ta biyo hannuna har gwiwar hannu. Wata mai sayar da kifi da ke kusa ta leƙo, ta toshe baki da mayafi ta ja da baya.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne fuskarsa. Ina danna gefen ramin da yatsa, shi yana kallon kasuwa, yana amsa sallamar wani. Ya ce ai ya san da wurin, yana jin sa da hannu in yana alwala, amma idonsa ya yi rauni kuma bayansa ba ya sunkuyawa, ya ɗauka faso ne ya yi zurfi. Ya ce, "Tunda ba ya ciwo, na ce zai rufe da kansa. Ka gyara mini maɗaurin, gobe za mu kai su bakin ruwa."

Na ce ba inda za shi. Muka yi ta ja-in-ja, har na ɗaga masa murya, mutane suka taru suna cewa yaron nan ba shi da kunya. Sai da na ɗaga takalmin na nuna musu ƙusar, sannan suka goyi bayana. Aka samo amalanke aka ɗora shi, muka tura har asibiti, abokan tafiyarsa suka wuce da shanun.

Likitan da ya duba shi ya ɗauki allura ya riƙa tsikarar ƙafar tun daga yatsu yana hawa, yana tambaya ko ya ji. Sai da ya kai tsakiyar ƙwauri Baba Yakubu ya ce ya ji. Aka gwada ta hagu, ita ma haka. Aka auna fitsarinsa, aka ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa, shi ne ƙishirwar nan da ramar. Wata nas 'yar zangonmu, unguwar Hausawa, ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce ciwon yana cin jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin ƙafarsa. Garwashin da yake ji da tururuwar, jijiyoyin ne suke mutuwa. Ranar da ya ce ciwo ya tafi, ranar suka gama mutuwa. Wato abin da na yi shekara biyu ina taƙama da shi a Yendi, ba warkewa ba ce, ƙafar ce ta daina magana, kuma sosona bai yi komai ba.

Na tambaye ta ko za a ceci ƙafar. Ta ce da an zo da wuri, tun ramin yana ƙarami, da wanki da hutu da magani sun isa. Yanzu ruɓar ta kai ƙashi. Aka wuce da shi babban asibiti, aka fara da yatsu, abin bai tsaya ba. A ƙarshe a ƙasan gwiwa aka yanke.

Na je na same shi a gadon asibiti na gaya masa gaskiya, cewa ni na buga ƙusar, kuma na san an hana. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Allah ya riga ya rubuta." Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya shekara talatin yana taka hanyar nan daga Bawku zuwa bakin ruwa, ya san kowace rijiya da kowace inuwa, ya koma zaman ɗaki a gidan 'yarsa da ke aure a nan Salaga. Kwana biyu ban iya ɗaukar guduma ba.

Tun daga lokacin na canza aiki. Duk wanda ya ce mini ƙafarsa na ciwo, ina jin sanyi a raina, don mai ciwo zai nuna maka wurin, ku gyara tare. Wanda nake tsoro shi ne mai cewa ba ya jin komai. Irin wannan ba ƙusa ko ɗaya a takalminsa, ɗinki kawai, kuma ƙullin zaren a waje. Gaba ya zama da faɗi don yatsu su baje, ciki ya zama da laushi, da yamma zan auna shi lokacin da ƙafa ta kumbura. Zan ce masa ya zazzage takalmin kafin ya sa, ya sa wani ya duba masa tafin ƙafa kowace rana, ko ya ajiye madubi a ƙasa, ya kuma je asibiti a auna shi. Kuma ko limami ne, ko sarkin zango ne, sai ya tuɓe na gani. An ce mini marar kunya ya fi a ƙirga, ban damu ba.

Bayan kusan shekara guda, wata safiya ina share gaban teburi, sai na ji ƙwas, ƙwas a bayana. Baba Yakubu ne a kan sanduna biyu, an naɗe ƙafar wandonsa ta dama an soke da fil. Ya zauna a benci da ƙyar, ya jingine sandunan. Muka gaisa. Ya ce, "Takalmi na zo a yi mini. Guda ɗaya, kada ka ɓata tayarka."

Na kasa haɗa ido da shi. Na ɗauko buta na yayyafa wa ƙasa ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Taku nawa kake so in yi maka da ƙafa ɗaya?" Na ce ko ɗaya ne ya isa. Ya dafa kafaɗata ya taka, na ga sawunsa a karo na farko a rayuwata. Kwarin ya rushe gaba ɗaya, nauyin duk a gindin babban yatsa yake sauka, daidai inda na buga ƙusar a ɗayar. Da na ga sawun nan tun farko, ko da wuƙa a wuyana ba zan sa ƙarfe a wurin ba.

Ya koma ya zauna. Wannan karon ban roƙa ba, shi da kansa ya ɗago ƙafar ya ɗora mini a cinya. Na bi ta da hannu, diddige, kwari, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Babu rauni. Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, na ce, "Baba, a ina take maka ciwo?"

Ya ce, "Wannan? Wannan ba ta jin komai, ko hannunka ban ji ba." Sai ya miƙa hannu ƙasa da inda aka naɗe wandon, ya nuna iska, wurin da babu ƙafa. "Waccan ce take damuna, wadda suka binne. Kullum sai ta tashe ni tsaye. Nan, gindin babban yatsa, kamar ana soka mini ƙarfe. Sule, sai yanzu nake jin ƙusar taka."

Na ɗauki alli na zagaye ƙafar da ta rage.

Kai mai cewa a yanka taya a huda, ɗauki wancan da ka gama jiya. Kada ka duba shi da ido. Zura hannunka ciki har ƙarshe, ka lanƙwasa shi, ka sake zurawa.